Buhun da Na Jiƙa wa Robar Mu'azu

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Mu'azu makwancinsa a Bungudu, wata Laraba bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Duk shekara idan watan ya kewayo mukan taru a gida a yi masa addu'a, Inna mahaifiyarmu ta sa a soya waina a raba wa maƙwabta, shi ke nan. Bana na ce zan ƙara da rubutu, domin bana ce shekara ta farko da hannuna ya iya.

Sunana Sani. Facin taya nake yi a bakin titin da ya fita daga Gusau ya nufi Tsafe. Na girme wa Mu'azu da shekara goma sha ɗaya. Ni ban yi boko ba, shi ya yi, har ya zama malamin kimiyya a wata sakandare a Tsafe, yana kuma haɗawa da karatun digiri na biyu a wata jami'a. Akwai wata magana da ta rage tsakanina da shi wadda ba mu ƙarasa ba har ya rasu. Ita nake so in ba da labarinta.

Abin da yake bincike a kai wata irin roba ce mai taushi, siririya kamar ledar burodi, launinta ruwan goro. A ɗakin gwaje-gwajen jami'arsu suke haɗa ta, su yanka ta tsawon ɗan yatsa. Idan haske ya sauka a kanta sai ta lanƙwasa ta nufi hasken. Idan aka kare ta da hannu sai ta koma ta miƙe a hankali. Ba waya, ba batir, ba kowa ya taɓa ta. Ranar da ya fara nuna mana a tsakar gida, Inna ta ja da baya ta riƙe haɓa.

"Mu'azu, wagga leda taka rai gare ta?"

"Ba ta da rai, Inna. Rana take gaisarwa, shi ya sa take russunawa."

"To ta fi ku ladabi," in ji Inna.

Ta tambaye shi amfaninta. Ya nuna mata tabarmar tattasan da ta shanya, wadda take gudun kwashewa duk lokacin da hadari ya haɗo. Ya ce wata rana za a iya yin rumfar shanya da irin wannan roba, wadda za ta buɗe da kanta idan rana ta fito, ta rufe da kanta idan gari ya lumshe. Ya ce ba yau ba, ba gobe ba, domin kafin a gina komai da ita sai an san halinta. Inna ta ce in dai hali ne, sai an zauna da mutum.

Aikin nasa kashi biyu ne. Na farko a kwamfuta yake yi, wani lissafi da zai faɗa maka tun kafin ka gwada cewa idan haske ya kai kaza, robar za ta lanƙwasa ta kai kaza. Na biyu shi ne gwaji, a sa robar a haske a ga ko ta bi abin da lissafin ya faɗa. Da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Yaya, in an kawo maka taya, ba kakan danna ta da babban yatsa ka faɗi iskar da ke ciki kafin ka sa geji ba? To so nake kwamfuta ta zama babban yatsanka, rana kuma ita ce gejin." Nan take na gane.

A jami'a sun gwada ta da fitila a cikin ɗaki mai sanyi, lissafin ya yi daidai. Shi kuma ya ce ba a ɗaki mai sanyi Inna take shanya ba, sai ya gwada ta a ranar Zamfara. Matsalar ita ce da rana yana cikin aji a Tsafe. Ni kuwa tun safe har magariba a rana nake. Don haka ya kawo mini wani ɗan akwatin katako mai gilashi a fuska. A ciki ya maƙale robar da abin maƙale shanya, a bayanta ya manna kwali da ya zana wa layuka biyar a baje kamar yatsun hannu. Ya san ban iya karanta lamba ba, sai ya ba kowane layi launinsa: baƙi, shuɗi, kore, rawaya, na ƙarshe ja. Ya san ba na ɗaura agogo, sai ya ce in duba sau uku, da hantsi, da kiran azahar, da kiran la'asar. Ya ba ni katuna masu gidaje kala-kala, launin da bakin robar ya taɓa, in ja layi da biro a gidansa. Ranar Asabar zai zo ya karɓa.

Yana hawa babur zai tafi ya juyo ya ce, "Lissafina dai ya ce da azahar ja za ta taɓa."

Da bai faɗi wannan ba, da labarin nan ba haka zai kasance ba.

Makonnin farko gari da sauran sanyi, komai ya tafi yadda ya ce. Ladan na kiran azahar, robar na kan ja. Maƙwabcina Bala, mai gyaran babur, har ya mayar da ita agogonsa. Yakan leƙo ya ce, "Robar Malam ta yi ruku'u, mu je masallaci."

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san bakin kwalta a Gusau a wannan lokaci ya san abin da nake nufi, ƙarfen cire taya ma sai ka sa tsumma kake ɗauka. Wata rana aka kira azahar, na duba akwati, robar tana kan kore. Rana ta fi kullum ƙarfi, amma ita ta tsaya a tsakiya, a saɓule. Washegari ma haka. Bala ya ce, "Sani, robar Malam ta ɗauki azumi." Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tuna yadda Mu'azu yake hawa babur daga Tsafe, ya kwana biyu a mota zuwa jami'a ya dawo, yana ɗauke da kwamfutar nan a ƙirji kamar jariri. Na ce yanzu ranar Asabar in miƙa masa kati mai cewa lissafinsa ya faɗi?

Ni kuma na san roba. Sama da shekara ashirin ina taɓa ta. Na san idan ta sha zafi takan yi laƙwas, ta ƙi jin magana, kuma na san maganinta. Na ɗauko buhun algarara, na tsoma shi a bahon da nake nutsa tiyub don neman huji, na naɗe akwatin ta gefe da ta ƙasa kamar yadda ake yi wa tulu, na bar gilashin a buɗe don haske ya shiga. Kafin in gama alwala robar ta tashi ta taɓa ja. Na ja layi a gidan ja.

Haka na yi ta yi kullum, kusan mako shida. Ina so mai karatu ya gane cewa a zuciyata ba ƙarya nake yi ba. Da idona na ga ta taɓa ja. A sana'armu, idan aka kawo maka abu ya lalace, gyarawa kake yi ka miƙa wa mai shi, ba ka zaunar da shi kana ba shi labarin yadda ka sha wahala. Kuma a gidanmu haka aka tashe mu, babba ya rufa wa ƙarami asiri ba tare da ya bari ya sani ba. Idan Mu'azu ya zo ranar Asabar da yamma, buhun ya riga ya bushe a kan ƙusa. Yakan duba katunan fuskarsa ta washe, ya ce, "Yaya, lissafi ya zauna!" Ni kuma in ji daɗi har cikin raina.

Ashe can jami'a wani ɗalibi ya gwada irin robar a rana, tasa ta ƙi kaiwa. Farfesan da ke duba aikinsu ya jera katunan Mu'azu a tebur, ja, ja, ja, a tsakiyar bazara, ba ko ɗaya da ya kauce. Ya ce shi bai taɓa ganin gwaji na gaskiya ya fito fes haka ba. Ya tambaye shi a gaban abokan karatunsa ko a ɗaki ya zauna ya cika katunan. A wurinsu babu laifin da ya kai wannan. Wanda aka kama ya ƙirƙiri sakamako korarsa ake yi, kuma sunan maƙaryaci ya bi shi har ajin da yake koyarwa. Mu'azu mutum ne da ko yana yaro in ya fasa kwano shi yake kai kansa wurin Inna.

Wata Talata, daidai kiran azahar, sai ga shi a kan babur ba sanarwa. Akwati na naɗe, buhu na ɗigar ruwa.

"Yaya, wanga fa?"

"Buhu ne."

"Na ga buhu ne."

Bala ya tuna yana da aiki a bayan shago. Na yi wa Mu'azu bayani, har da ɗan alfahari a farko, domin ina ganin dabara na yi. Ina cikin magana na ga fuskarsa, sai muryata ta ragu. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya taɓa buhun, ya taɓa gilashin. Ya warware buhun ya ajiye, ya zuba wa robar ido har ta sauko kore. Ya ce in mayar. Na mayar, muka jira, ta koma ja. Sau biyu muka yi haka, har aka tayar da salla ba mu tashi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun da zafi ya shigo."

Ya sake duban robar. Can ya ce, "Yaya, da ka faɗa mani." Ya gaya mini abin da Farfesa ya ce, a taƙaice, idonsa a ƙasa kamar shi ne mai laifin. Ya ce in ajiye akwatin a inuwa, kar in ƙara taɓawa sai ya neme ni. Ya hau babur ya tafi.

Bayan haka mun haɗu sau da yawa, a gida, a suna, a sallar idi. Yakan russuna ya gaishe ni yadda ya saba. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba. Ƙane ba ya tsayar da wansa ya ce ka cuce ni, babban wa kuma ba ya samun bakin tambayar ƙanensa ko an kore shi saboda shi. Na ce bari in ba shi lokaci. Ana cikin haka ciwon hanta ya kwantar da shi, ba a yi wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Tsakanin ranar buhu da ranar jana'iza wata biyar ne.

Da matarsa Hauwa'u ta gama takaba, ta miƙo mini wani littafi mai baƙin bango. Ta ce, "Yaya, ya ce kai za a ba. In kana so in karanta maka." Na ce ta bari. Ba don raini ba. Tsoro nake ji. Idan a ciki ya rubuta cewa ni na ɓata masa suna, ba na so in ji wannan a bakin matarsa, ko a bakin kowa. Na sa littafin cikin akwatin robar, na tura ƙarƙashin gado. Shekara uku yana nan. Duk lokacin da na tsoma tiyub a baho sai na tuna shi.

A shekara ta huɗu na shiga ajin manya na koyon karatu da rubutu a Tudun Wada, sau uku a mako bayan la'asar. Malaminmu Malam Lawali ne, mutum mai haƙuri da tsokana. Ranar farko na huda takarda sau uku. Ya ce, "Malam Sani, biro ne, ba ƙarfen cire taya ba, ka yi masa sauƙi." Waɗanda muka fara tare wasu sun gama a shekara biyu, wasu sun bari. Ni kaina ba mai saurin ɗauka ba ne, amma wanda ya saba jiran faci ya kama ba ya gaggawa. Na leƙa littafin Mu'azu sau ɗaya a shekarar farko ta karatuna, na ga yawancinsa Turanci ne da lambobi, sai shafuka biyu na ƙarshe da aka rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe. Na rufe. Na yi wa kaina alkawari ba zan karanta rabi in bar rabi ba.

Sau da yawa ina zaune a rumfata nakan yi tunanin abin da Mu'azu zai ce da ya ga Gusau ta yau. Farantan sola sun cika rufin shaguna, mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi duk da rana suke aiki. Na san da zai yi murna, na kuma san da zai dame su da tambaya. Kwanan baya na yi wa wani mai haɗa sola facin babur, yana ba ni labari cewa farantin ma idan ya yi zafi da yawa ƙarfinsa raguwa yake, shi ya sa suke barin wurin shan iska a ƙarƙashinsa. Na ajiye abin da ke hannuna na dube shi. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, wani na tuna.

Hanyar Tsafe da yake bi kowane lokaci ba fargaba, yanzu sai mutum ya duba lokaci, ya tambayi direbobi kafin ya kama ta. Wannan da ya ɓata masa rai. Rumfar da ke buɗe kanta kuwa har yau ban gan ta ba, ban ma san ko wani ya ci gaba da aikin ba. Inna ta tsufa, gwiwa ta hana ta gudu, amma har yanzu idan hadari ya haɗo ita ce take fara kwaɗa kira a kwashe tattasai.

Bana, wata Juma'a da safe kafin in fita aiki, na jawo akwatin na buɗe littafin. Na karanta a hankali, da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, ba wanda ya taya ni. Ga abin da ya rubuta:

"Na gaya wa Farfesa duk abin da ya faru. Ya yi faɗa, ya ce a zubar da katunan bazara a sake gwaji baɗi. Amma ya yarda ban ƙirƙira ba, ya kuma faɗi haka a gaban waɗanda suka ji na farko. Laifina ne, ni na faɗa wa Yaya amsa tun kafin ya duba. Lissafina haske kawai ya sani, bai san zafi ba. Yaya ya sani. Baɗi akwati biyu za mu yi, ɗaya da buhu, ɗaya babu."

A shafi na biyu ya zana gidaje da rula. A samansu ya rubuta Rana, Lokaci, Ba Buhu, Da Buhu. Babu launi ko ɗaya, gidajen rubutu ne, duk a buɗe. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: "Wannan karon Yaya zai rubuta da hannunsa, abin da ya gani kawai."

Na rufe littafin. Shekara bakwai ina ɗauke da tsoron cewa ƙanena ya tafi da sunan maƙaryaci, ashe an wanke shi tun yana da rai. Amma ba zan yaudari kaina ba. Buhuna ya yi ɓarna. Ya ci masa shekara guda, shekarar da ashe ba shi da ita, kuma digirin bai samu ba. Shi ma da ya faɗa mini an wanke shi, kamar yadda ni ma da na faɗa masa zancen buhu tun farko. Kunyar da muke ji wa juna ta rufe mana baki mu duka biyu, kowa yana ganin yana sauƙaƙa wa ɗan'uwansa.

Idan na auna abin da ya rage na Mu'azu, ba mai yawa ba ne a ido. Babu gini, babu takardar shaida a bango. Akwai 'yarsa da take da irin tambayarsa, akwai ɗalibansa na Tsafe da har yau wasu sukan tsaya a rumfata su ce Allah ya jiƙan Malam. Akwai kuma abin da ya bar mini, wanda na fahimta a makare: taimakon mai neman sani ba shi ne ka gyara masa abin da ya gani ba. Robar da ta tsaya a kore gaskiya take faɗa masa, ni na rufe mata baki don ina son sa.

A ranar na tafi aiki da akwatin. Robar ta yi duhu, ta ƙanƙame, gefenta ya tsage. Na goge gilashin na ajiye a inda nake ajiyewa da. Bala, wanda yanzu furfura ta kama gemunsa, ya fito ya tsaya a kaina har aka fara kiran salla. Robar tana kan baƙi, inda ta kwana.

"Ka jiƙa mata buhu mana," in ji shi, a hankali, ba da wasa ba.

Na ce zan jiƙa, amma sai na rubuta tukuna. Na buɗe littafin a kan gwiwata, na sa Juma'a, na sa azahar, na cika gidan Ba Buhu. Sannan na tsoma algarara a baho na naɗe akwatin, muka yi alwala, muka tafi masallaci muka dawo. Na tsuguna na duba da kyau, ta gaba da ta gefe, domin raina yana so ƙwarai in ga ta ɗaga ko da kaɗan ne.

Allah ya haskaka kabarinka, Mu'azu. Na cika maka layin farko da hannuna, kuma ban huda takardar ba. A gida biyun duka abu ɗaya na rubuta: ba ta motsa ba.